Reza, zare da kunnen Frankie Knuckles

Wani abokina makaɗin jita ba ya gajiya da cewa DJ ba shi da wata fasaha, wai ɗan kunna waƙar mutane ne, kamar yaron shago da aka bar wa rediyo. Maganar nan tana ci mini rai. Duk sanda ya yi ta, Frankie Knuckles ne ke faɗo mini, da faya-fayen garmahonsa kusan 5,000 da aka adana a Stony Island Arts Bank, a kudancin Shikago.

An haife shi a Bronx a 1955, ya koyi sana'ar tare da amininsa Larry Levan a gidajen rawa na Niyok. A 1977 ya koma Shikago ya kama aiki a Warehouse, gidan da kiɗan house ya samo sunansa, ya rasu a 2014. Ni abin da ya taho da shi a akwati ne ya dame ni: faya-fayen Philadelphia International, kamfanin Gamble da Huff, da na Salsoul. Kiɗa ne mai goge da ƙaho jingim, da muryoyin da suka taso a coci. A ƙarƙashin duk wannan akwai ƙafar makaɗin ganga Earl Young, tana taka babbar ganga sau huɗu cif a kowace gaɓa, ba ta fashi.

Ranar 12 ga Yulin 1979 aka tarwatsa tulin faya-fayen disko da nakiya a filin Comiskey Park, a cikin Shikagon nan dai. Manyan kamfanoni suka janye jiki, rijiya ta soma ƙafewa, masu rawa kuwa ba su daina zuwa daren Asabar ba. Sai Knuckles ya koma kan tsofaffin faya-fayensa da reza.

Ana naɗe waƙar a kan zare, irin na babban rikoda mai ƙwarya biyu. Sai a kama ƙwaryar da hannu ana juya ta gaba da baya a hankali, sautin yana gurnani, har a ji daidai inda ganga ta sauka. A yi alama da fensir, a yanke, a liƙe. Idan zaren yana gudun inci 15 a daƙiƙa, waƙar kuma tana bugun 120 a minti, gaɓa ɗaya inci 30 ke nan. Kuskuren rabin inci ya isa ya sa ƙafar mai rawa ta yi tuntuɓe. Wanda ya taɓa gyara zaren kaset da ya tsinke ya san yadda hannu ke rawa a wurin.

Yankan ma mai sauƙi ne a kan sanin inda za a yanka. A waƙa mai minti biyar, wataƙila daƙiƙa goma ce take tsuma jama'a: wurin da goge ya yi shiru aka bar ganga da jitar bes su kaɗai, ko inda mawaƙiya ta bar rerawa ta koma magana. Waɗannan Knuckles yake tsamowa, ya maimaita, ya ja musu rai, ya hana amshi shigowa har sai ɗakin ya ƙagu. Haka ya yi wa "Let No Man Put Asunder" ta First Choice, waƙar 1977 da gyaransa ya fito a faifai a 1983. Babu makarantar da ke koyar da wannan. Sai wanda ya saurari faifai ɗaya sau ɗari, a ɗakinsa da kuma gaban jama'a, har allura ta cinye shi.

Masu cewa na'urar Japan ce ta haifi house sun karanta tarihin daga ƙarshe. Gaskiya ne Knuckles ya sayi na'urar ganga ta Roland TR-909 a hannun Derrick May na Ditroit, yana kunna ta a ƙarƙashin faya-fayen don ƙara musu nauyi. To amma wane bugu ya sa ta yi? Bugu huɗu cif, da ƙaramin kuge yana buɗe baki a tsakaninsu, wato ƙafa da hannun Earl Young, wanda shi ne ma ya kaɗa wa First Choice ganga.