Sabon Ringi a Tsohuwar Silinda: Nazari kan Sauke Injin Babur

Idan tsohon babur ya fara tofar da shuɗin hayaƙi ta salansa, yana shan baƙin mai, kik kuma ya yi laushi a ƙafa, hukuncin da ake yankewa a yawancin rumfunan kanikanci ɗaya ne: ringi ya mutu. Sai a kwance kan inji, a zare bulok, a ɓanɓare tsohon ringi daga jikin fistin, a ɗora sabo, a ɗaure. Kafin la'asar mai babur ya hau abinsa yana murna. Ba a cika yin kuskure wajen gane cewa ringin ya cinye ba, domin kam ya cinye. Kuskuren yana wajen ɗaukarsa a matsayin mai laifi, alhali sau da yawa shaida ne kawai a kan ɓarnar da ta riga ta samu silinda. Canjin ringi ba tare da awo ba caca ce, kuma abin da ya rage wa wannan sana'a a wurinmu awon ne, domin gwanintar hannu akwai ta.

Ringi ɗan zoben ƙarfe ne mai tsaga, wanda John Ramsbottom ya ƙirƙira a Ingila a 1852 domin injinan jirgin ƙasa masu aiki da tururi. Dabararsa ita ce a ƙera zoben ya ɗan fi ramin faɗi, yadda idan aka matse shi aka zura, zai riƙa tokare bangon silinda da ƙarfin kansa. A injin babur mai bugu huɗu ringi uku ne. Biyun sama suna tsare ƙarfin fashewar fetur kada ya zurare ƙasa, na ukun yana kankare baƙin mai daga bango ya mayar da shi cikin inji. Akwai wani aikin da ba a cika ambata ba: mafi yawan zafin da ke kan fistin ta jikin ringi yake bi ya fita zuwa silinda, iska ta kwashe. Ƙanƙantar abin tana ruɗi. Soichiro Honda, kafin ya ƙera babur ko ɗaya, ringi ya fara yi a kamfaninsa na Tokai Seiki a ƙarshen shekarun 1930, kuma cikin hamsin da Toyota ta gwada uku kacal suka tsallake, har sai da ya koma makaranta a Hamamatsu ya koyi ilimin ƙarfe. Abin da ya ba Honda irin wannan wahala bai kamata a riƙa auna shi da ido a gindin bishiya ba.

Dalilin kuwa shi ne silinda ba ta cinyewa daidai wa daida. Ta fi cinyewa a can sama, inda zafi da matsi suka fi yawa, mai kuma ya fi ƙaranci, sai ta zama mai faɗin baki da tsukakken gindi. Tana kuma cinyewa ta gaba da baya fiye da gefe da gefe, saboda nan ne fistin ke jingina, sai ramin ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Tsohon ringi tare suka tsufa da ramin, ya saba da karkacewarsa. Sabon kuwa da'irarsa cikakkiya ce, don haka zai taɓa bango a wasu wurare ya bar kafa a wasu. Lissafin ma a fili yake: kowane ƙarin faɗi a silinda yana buɗe tsagar ringi da ninki uku da ɗan ɗori. A inji irin na Honda CG125, mai faɗin silinda milimita 56.5, ana son tsagar ta tsaya tsakanin milimita 0.15 da 0.35. Idan ramin ya cinye da milimita 0.1 kawai, abin da ido ba ya gani, tsagar ta ƙaru da 0.31, wato sabon ringi ya zarce iyaka tun ba a tayar da injin ba. Ga kuma wata 'yar gaɓa da ke tsayawa a saman silinda inda tsohon ringi bai taɓa kaiwa ba. Kaifin sabon ringi kan daki wannan gaɓa a kowane bugu har ya karye, ko ya fasa gurbinsa a jikin fistin. Nan ne gyara ke komawa na gangar Auzinawa.

Mai ja zai ce wannan duk maganar masu kuɗi ce. Ɗan acaɓa ko manomin da ke ɗora buhu biyu a bayan babur ba shi da halin yin borin, wato faɗaɗa ramin silinda, da sayen sabon fistin, kuma babur ɗin da ya kwana uku a rumfa cefanen kwana uku ne ya tafi. Wannan magana tana da nauyi, kuma gaskiya ne akwai injin da ringi kaɗai yake buƙata. Idan silinda ba ta wuce iyaka ba, a goge bangonta a tayar masa da 'yan zane-zane masu gilmawa waɗanda za su riƙe mai, a saka sabon ringi, aiki ya yi kyau. Sai dai ba a sanin wane injin ne wannan sai an auna, kuma awon farko kusan kyauta ne. A zura ringin shi kaɗai cikin silinda, a tura shi da kan fistin ya daidaita, a gwada tsagar da siraran ƙarafan awo a sama da tsakiya da ƙasa. Minti biyar ya isa. Idan awo ya nuna ramin ya lalace, an ƙera fistin da ringi masu ƙarin faɗi na milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00 musamman domin wannan. Talaka ne ma ya fi buƙatar awo, domin shi ne ba zai iya biyan kuɗin gasket da mai da ladan aiki sau biyu a wata uku ba.

Wani kuma zai ce tsohon bakanike da kunne yake awo, ya ji ƙarar inji ya faɗi cutarsa. Ba a musa wannan, kunnen yana gane ƙwanƙwasar fistin da kukan tafet. Amma hayaƙi ba ya faɗin asalinsa. Injin da ke hayaƙi da safe idan an tayar da shi, sannan ya daina bayan ya ɗumama, galibi robar bawul ce ta bushe take zubo mai daga sama, ringi lafiyarsa ƙalau. Akwai gwaji mai sauƙi: a auna matsin inji ta ramin fulogi, a ɗiga ɗan baƙin mai, a sake aunawa. Idan matsin ya tashi sosai, ringi da silinda ne. Idan bai motsa ba, sai a duba bawul. Hujjar masu ja da ta fi ƙarfi ita ce ta kasuwa: tun da babura irin su Jincheng da kwaikwayon CG suka cika gari, ana samun bulok da fistin da ringi a kwali ɗaya da araha, to me ya kai mutum wahalar borin? Wani lokaci hakan ne daidai. Amma kayan kwali ma sai an auna, domin ringin da tsagarsa ta yi ƙanƙanta, da zarar ya yi zafi ya kumbura, bakunansa za su haɗu ya kartse bango. Kuma tsohuwar silinda ta asali da aka yi wa borin mai kyau ba lalle ba ne sabuwar mai araha ta kamo ƙafarta.

Saura abin da ya kashe ringin tun farko, wanda ba a cika tambaya ba. Honda ta fito da CG125 a 1975 ne bayan injiniyoyinta sun ga yadda ake wahalar da babura a ƙasashe masu tasowa, ba a canza mai a kan kari, sai ta yi masa inji mai jure sakaci da matatar iska ta soso da ake wankewa. Amma ba injin da ke jure ƙura. A ƙasar da hunturu ke cika iska da buji daga Nuwamba zuwa Fabrairu, soson da ya yage ko robar kafireto da ta tsage hanya ce da yashi ke bi kai tsaye, ya gauraya da mai ya zama abin wasa ƙarfe. Bakaniken da ya juya alamar ringi ta kalli sama, ya raba tsagogin uku kada su yi layi, ya gargaɗi mai babur ya bi a hankali ya kuma juye mai bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na farko, amma bai buɗe akwatin matatar iska ba, ya mayar da sabon ringi hannun abin da ya cinye tsohon.