Jinjina ga Masu Adana Tsofaffin Bindigogi

Masu tara tsofaffin ƙananan bindigogi a Amurka sun cancanci yabo. Ba harbi ke gabansu ba, tarihin maƙeran suke bi.

Dubi bindigar Walker da Samuel Colt ya fitar a 1847, bayan kamfaninsa na farko a garin Paterson ya karye a 1842. Guda 1,100 kacal aka ƙera, dubu daga ciki na sojoji ne. Yaƙi da tsatsa sun cinye mafi yawansu. Waɗanda suka rage, mutanen nan ne ke goge su da mai, suna bin lambar jikin kowacce don gano rundunar da ta riƙe ta, suna tona asirin jabu. Aikin haƙuri ne, wallahi. Allah ya ƙara musu basira.