Mai Karanta wa Asibiti Doka

A duk asibitin kuɗi da ya daɗe yana aiki hukuma ba ta taɓa garƙame shi ba, akwai wani da majinyata ba su san sunansa ba. Ba ya riƙe allura, ba ya shiga ɗakin tiyata. Wani wurin sakataren asibiti ake ce masa, wani wurin manaja, a ƙaramin asibiti kuwa sau da yawa babbar nas ce ke haɗawa da nata aikin. Shi ne ke bin sawun doka, ya san abin da ta ce bana, don na bara yakan tsufa.

Dokokin kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti korar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma wajabta rufe sirrin majinyaci. A 2022 aka soke tsohuwar dokar inshorar lafiya, NHIA ta gaji NHIS. A farkon 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958, wadda aka gada daga Turawan mulki. Ga kuma lasisi iri-iri: likita yana sabunta nasa duk shekara a majalisar likitoci, MDCN, sai ya nuna ya halarci kwasa-kwasan ƙaro ilimi, nas da ungozoma da majalisarsu, ɗakin gwaji da tasa, kantin magani da tasa, har na'urar hoton ƙashi sai da izinin hukumar kula da nukiliya. A Kano, hukumar kula da asibitocin kuɗi, PHIMA, tana iya sallama kowace rana ba sanarwa.

Karanta doka kowa zai iya. Gwanintar tana wajen sauko da ita daga takarda zuwa bakin ƙofa. Dubi dokar 2017 kan wanda aka harba da bindiga. Ta ce a karɓe shi a fara magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, kar a tsaya jiran kuɗin ajiya, sannan a sanar da caji ofis mafi kusa cikin awa biyu da fara maganin. Mai gaggawa zai manna kwafi a allon sanarwa ya ce ya gama. Gwani kuwa zai tambayi kansa: ƙarfe biyun dare, wa ke bakin ƙofa? Maigadi ne da mai yanka kati, kuma su ne suka saba cewa "sai da takarda". Sai ya zauna da su, ya ce, "Baba, in an kawo mai jini, buɗe ƙofa kawai, takarda ba ruwanka." Ya rubuta lambar caji ofis a bango kusa da teburin nas. Ya buɗe littafi mai layi uku: lokacin isowa, lokacin fara magani, lokacin da aka kira 'yan sanda. Awa biyun nan, in ba a rubuce take ba, ranar da aka je kotu babu mai shaidarta.

Haka gwanin ya yi da dokar kare bayanan jama'a ta watan Yunin 2023, wadda ta sa bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Masu asibiti da yawa sun ɗauka maganar kwamfuta ce. Shi ya gane maganar fayil ce da ake bari a kan kanta kowa na leƙawa, da sakamakon gwaji da ake faɗa da ƙarfi a baranda, da hoton ciwon majinyaci da ma'aikaci ke turawa a WhatsApp, wai neman shawara.

Ni dai inda ya fi burge ni shi ne ɗakin ajiyar magani. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, a ranar ya sa aka kwashe kwalaben aka ƙirga aka rubuta. Da aka tashi dillalan maganin Kano daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, sai ya daina karɓar kaya daga wanda ba shi da rasit da lambar rajista, ko da ya fi araha. Mai asibiti yakan yi ƙorafin tsada, shi kuma ya ajiye masa rasit ɗin a gabansa, da lambar NAFDAC ta kowane kwali a rubuce a gefe.