Sharhin Fim: Godzilla da Dodon Ƙarfe, Tambayar da Darakta Ya Guje Wa

Da yawa daga cikin masu kallo a nan, da zarar sun ga dodo yana tattake benaye sai su ce fim ɗin yara ne, wasu ma su jefa shi cikin finafinan 'yan Chana. To, Godzilla dai ɗan Japan ne, kuma asalinsa ba wasa ba ne. Kamfanin Toho ya fito da shi a 1954, shekara tara bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki. A watan Maris na shekarar ne kuma tokar gwajin bam ɗin Amurka a tsibirin Bikini ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗayansu ya rasu bayan 'yan watanni. Daga wannan tsoron darakta Ishiro Honda ya gina dodonsa. Sai mai karatu ya riƙe wannan kafin mu shiga Godzilla Against Mechagodzilla na 2002, wanda Masaaki Tezuka ya ba da umarni.

Ga labarin a taƙaice. A 1999 wani sabon Godzilla ya fito a garin Tateyama ana tsakiyar guguwa. Wata soja, Akane Yashiro, wadda Yumiko Shaku ta fito a matsayinta, ta bangaji motar abokan aikinta cikin ruɗewa, dodo ya take su. Aka ɗora mata laifi, aka mai da ita aikin ofis. Gwamnati kuwa ta tsamo ƙasusuwan Godzilla na farko daga ƙarƙashin teku, ta tara masana suka gina dodon ƙarfe a kansu, suka raɗa masa suna Kiryu. Har kwamfutar da ke sarrafa shi da ƙwayoyin halittar mamacin aka haɗa ta. Da aka gama a 2003, aka kira Akane ta zama matuƙiyarsa.

Wurin da ya fi ko'ina daɗi shi ne karon farko a Yokohama. Kiryu na gab da gamawa da abokin gabarsa, sai Godzilla ya yi ruri. Jin wannan kukan ke da wuya, idanun Kiryu suka kaɗa suka yi ja, ya daina jin umarni, ya juya kan garin da aka gina shi don ya kare. Sojoji ba su da abin yi illa su zuba ido har cajinsa ya ƙare. A nan fim ɗin ya yi tambaya babba: shin ya halatta a tono ƙashin mamaci a yi makami da shi don ya kashe ɗan'uwansa? Kuma wanda ya ƙera makami daga abin da ya taɓa halaka shi, yana da tabbacin zai iya riƙe linzaminsa? Ga ƙasar da kundin mulkinta na 1947 ya haramta mata yaƙi, amma ta kafa rundunar kare kai a 1954, wannan ba tambayar yara ba ce.

Sai dai kash! Nan ne gizo ke saƙar. Maimakon darakta ya bi wannan zaren, sai ya sa masana suka gyara kwamfutar, kamar bakanike ya canza fulogi, shi ke nan magana ta mutu. Firaminista ya ɗan yi jim, sannan ya ba da izini a sake tura Kiryu. Babu babba ko ɗaya da ya tsaya da gaske ya ce a bar wannan aiki. Mai tausayin Kiryu ɗaya ce, Sara, ƙaramar 'yar masanin nan Yuhara, kuma an bar maganarta a matsayin shirmen yarinta. Kwatanta da fim ɗin 1954, inda Dakta Serizawa ya ƙone takardunsa, ya zaɓi ya mutu a ruwa tare da dodon don kada sirrin makaminsa ya faɗa hannun 'yan siyasa. Can ana tsoron makami fiye da dodo. Nan kuwa makamin ne jarumi, har ana kashe wutar birnin Tokyo don a yi masa caji, mu kuma ana so mu tafa.

Duk da haka tilas ne a yaba. Yumiko Shaku ta yi ƙoƙari ainun. Ba ta yawan magana, ba ta kuka, kuma ba a liƙa mata soyayyar dole ba, duk da Yuhara yana ta rawar ƙafa a kanta. Marainiya ce da ke ganin rayuwarta ba ta da amfani, shi ya sa da ta shiga cikin Kiryu da kanta a faɗan ƙarshe, sai ka ga abu biyu da aka yi wa kallon kayan aiki sun haɗu. Kiɗan Michiru Oshima ma ya ɗaga fim ɗin, musamman gangunan da ke rakiyar Godzilla. Ga kuma aikin hannu: mutum ne cikin rigar roba yake rushe ƙananan gine-ginen da aka sassaƙa, kuma nauyin faɗuwarsu ya fi na wuraren da aka yi da kwamfuta, waɗanda yanzu sun tsufa ƙwarai. Shi Godzillan kansa kuwa an rage masa kwarjini, sau da yawa yana tsaye ƙiƙam ana ɗirka masa wuta kamar ba da shi ake ba.

An tashi canjaras: Godzilla ya koma teku da rauni a ƙirji, Kiryu ya rasa hannu. Da alama su kansu masu shirin sun san sun ci bashi, domin a ci gabansa na 2003, Tokyo S.O.S., maganar mai da ƙasusuwan teku ita ce jigon labarin. Amma fim ba ya cin maki da alƙawarin na bayansa.

Shawarata ga mai karatu, ka nemi na 1954 ka fara kallo, sannan ka ba wannan mintinsa 88. Za ka nishaɗantu, za ka kuma ga inda darakta ya riƙo babbar magana ya sake ta.