Tinariwen: Jitar Abzinawa Daga Kaset Zuwa Duniya

Wanda ya taɓa zaman dare da Abzinawa masu gadi a Kano ko Damagaram ya san yanayin: ɗan murhun waya da gawayi, shuɗiyar butar shayi, ƙananan kofuna uku, sai rediyo mai kaset a jingine da bango. Jita na ta zagaye a wuri guda, tafi na bin ta, wata murya ta namiji na magana ƙasa-ƙasa, mata na amsawa. A haka na fara jin kiɗan, shekaru kafin in san sunan masu shi. Na ɗauka abin ɗebe kewa ne kawai. Sai daga baya na gane cewa mutanen nan labarin gida suke saurare, shi ya sa hira ke tsayawa idan waƙa ta kai wani gaba.

Ƙungiyar da ta kafa wannan salo ita ce Tinariwen, jam'in kalmar tenere, wato hamada a harshen Tamashek. Jagoranta Ibrahim Ag Alhabib ɗan yankin Tessalit ne a arewacin Mali. Yana ƙaramin yaro sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a tawayen 1963, iyalinsa suka tsallaka Aljeriya. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. A garin Tamanrasset, wajen 1979, ya haɗu da Alhassane Ag Touhami da wasu 'yan'uwa biyu, Inteyeden da Liya Ag Ablil, suka fara kiɗa a bukukuwa. Dukansu cikin samarin da ake kira ishumar suke, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aikin yi. Su ne waɗanda farin 1973 ya cinye musu dabbobi, suka watsu Aljeriya da Libiya neman leburanci, ba takarda, ba garke, ba ranar komawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsu shi ne yadda jita ta karya wata tsohuwar ƙa'ida. A wajen Abzinawa, kamar a wajenmu, kiɗa na da masu shi. Mata ke buga tende, turmin daka da ake ɗaure wa fata, su ke goga imzad mai kama da gogenmu. Molon da ake kira tehardent kuwa na maroƙa ne, masu wasa manya a ba su kyauta. Ɗan gidan sarauta ba ya ɗaukar molo. Ita jita baƙuwa ce, ba ta da gado, saboda haka ba wanda zai ce wa wani ba sana'ar gidanku ba ce. Da ta shigo hannun ishumar sai aka sami waƙar da ba ta yabon kowa kuma ba ta roƙon kowa. Tana kiran mutane su farka, tana zancen ƙishirwa da rarrabuwar kai da assouf, wato irin kewar nan da ke kama mutum idan duhu ya rufa ya tuna waɗanda ya baro.

A 1980 Gaddafi ya gayyaci samarin Abzinawa su karɓi horon soja a Libiya, su Ibrahim suka amsa. A sansanonin can Abdallah Ag Alhousseyni da wasu suka shigo tafiyar. Ba su da kamfani, ba su da kasuwa. Duk wanda ya zo da kaset ɗin da ba komai a kai sai su buga masa, shi kuma ya kwafa wa wani, direban babbar mota ya ɗauka ya kai Kidal ko Agadas. Ga al'ummar da ba ta da jarida ko gidan rediyo nata, kaset ɗin nan shi ya zama jarida, kuma samun sa a jakar mutum a shingen soja kan iya jawo masa wahala. Da tawaye ya ɓarke a 1990 wasu daga cikinsu sun shiga daji da bindiga; bayan yarjejeniyar Tamanrasset ta 1991 suka ajiye ta suka koma ga jita.

Sauran labarin shi ne wanda jaridun Turai suka fi sani. Sun haɗu da ƙungiyar Lo'Jo ta Faransa a Bamako, aka shirya bikin kiɗan hamada na farko a Tin Essako a 2001, a shekarar kuma faifan da aka naɗa a gidan rediyon Tisdas na Kidal ya fita. Amassakoul ya biyo a 2004, Aman Iman a 2007, shekarar da suka buɗe wa Rolling Stones fage a Ireland. Tassili, wanda aka naɗa a hamadar kudancin Aljeriya kusa da Djanet, ya ci kyautar Grammy a 2012. A shekarar nan ce 'yan Ansar Dine suka mamaye arewacin Mali suka hana kiɗa, har a farkon 2013 suka kama ɗan Tinariwen Abdallah Ag Lamida na ɗan lokaci, kuma shugabansu Iyad Ag Ghali shi ne mutumin da ya jagoranci tawayen 1990. Faifan Emmaar na 2014 sai a hamadar Kalifoniya aka naɗe shi.

Turawa sun laƙaba wa kiɗan suna blues na hamada, sunan da ban yarda da shi ba. Gaskiya ne su Ibrahim sun saurari Jimi Hendrix da Dire Straits a kaset, kuma jitar lantarki ce a hannunsu. Amma a kasa kunne ga ginin waƙar. Ba ta sauye-sauyen sauti irin na rock ɗin Amurka. Takan zauna kan tushe guda, babban yatsa na riƙe da ƙasa, sauran yatsu na yi mata ado. Tafin da amshin na tende ne, takun kuma na raƙumi mai tafiyar nisa. Jitar ce ta koyi Tamashek. Wani abin da ke damuna shi ne yadda hoton mai rawani da bindiga a kafaɗa ya rufe waƙar kanta. Dubban mutane na rawa a Landan ko Paris ba tare da fahimtar kalma ɗaya ba, alhali a kaset ɗin da, kalmomin su ne komai. Ban ga laifin su Ibrahim ba da suka ci moriyar wahalarsu, sai dai na fi jin nauyin tsoffin kaset ɗin, masu shuuu da ƙarar iska, a kan faifan da aka goge tas.

Gadonsu ya fi bayyana a Nijar. Abdallah Oumbadougou ya yi wa Abzinawan Nijar irin aikin da suka yi wa na Mali. Bayansa Bombino ya fito daga Agadas ya ƙara wa kiɗan sauri da zafi. Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad ta ɗauki jitar da maza suka mallake ta mayar da ita kusa da tende. Mdou Moctar kuwa a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya kamar yadda kaset ya bazu a da.

Yau a Agadas da wuya a yi bikin aure ba jita. Da la'asar za a shimfiɗa tabarmi a tsakiyar layi, a tayar da janareto, a ɗora lasifika kan kujera. Samari biyu su shigo fili da manyan riguna, su taka, su ba wasu biyu wuri, mata na guɗa daga gefe. Yawancin yaran da ke buga jitar ba a haife su ba lokacin da Inteyeden ya rasu a 1994, amma salon yatsunsa ne a hannunsu.