Jinjina ga 'Yan Jagora

A garin Oldenburg na Jamus aka buɗe makarantar horar da karnukan jagora a 1916, saboda sojojin da yaƙi ya makantar. Amurka ta bi sahu a 1929. A can, kare kan toge a bakin titi idan mota na tafe, ko da maigidansa ya ce a tafi.

A Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa kuwa, aikin kare bai wuce gadi da farauta ba. Jagorar makaho sai yaro, galibi ɗansa ko jikansa. Waɗannan yara nake yi wa jinjina.

Dubi yadda suke tafiya ranar kasuwa. Yaro na gaba riƙe da kan sanda, dattijo na baya riƙe da gindinta. In an zo kwata, sai yaron ya ɗan ɗaga sandar, ya ce, "Baba, a tsallaka." In ɗan acaba ya taho a guje, sai yaron ya ja gefe tun kafin a danna oda. Shi ke faɗin wanda ya yi sallama, shi ke duba canji kada a cuci tsoho, shi ke adana takalma a ƙofar masallaci. Ba wanda ya koya masa wannan a aji.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sa'o'insa na makaranta yana kan hanya. Wani dattijon ma yanar ido ce kawai ke damunsa, wadda aikin tiyata a asibitin ido na ECWA da ke Kano zai iya cirewa, yaron ya samu komawa karatu.