4.3 Zaman Baƙunta a Cikin Shaihu Umar

A wannan sashe za a duba yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna rayuwar Bahaushe a baƙuwar ƙasa cikin littafinsa Shaihu Umar, wanda aka fara bugawa a shekarar 1934. Mutum biyu ne suka ƙetare hamada a labarin, wato Umar da mahaifiyarsa, amma zamansu a can ya sha bamban.

Umar yana yaro ƙarami Abdulkarim, wani Balarabe ɗan kasuwa, ya same shi a Kano cikin bayi, ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa. Aka sa shi makaranta, ya sauke Alƙur'ani, ya shiga karatun littattafai har ya zama malamin da ake ji da shi. A nan marubucin yana nuna cewa addini da ilmi su ne suka share wa baƙo hanya, domin allo da tawadar da ya tarar a can ba baƙin abubuwa ba ne ga ɗan ƙasar Hausa.

Sai dai a ganin mai wannan nazari, marubucin ya sauƙaƙa al'amarin fiye da kima. Bai tsaya ya nuna yadda yaron ya yi fama da Larabci kafin bakinsa ya faɗa ba, ko yadda ya saba da cimar mutanen da ɗabi'unsu. Haka kuma ba a bayyana yadda ya riƙe Hausarsa tsawon shekarun nan ba, alhali da ita yake ba almajiransa labari a Rauta. Ana iya yi wa marubucin uzuri da cewa Umar ne da kansa mai ba da labarin, ga shi dattijo, malami, wanda kunya da godiya ga ubangidansa za su hana shi tone-tone.

Wahalar baƙunta sai a kan mahaifiyar ta fito. Ita da girmanta ta fita neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka kai ta Murzuk, daga nan Tarabulus. Ba ta da makarantar da za ta shigar da ita cikin jama'a, ba ta da mai tsaya mata. Ko da Umar ya iske ta a Tarabulus jiki ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu.